Asabar a Bukuru

Rakiya kawai na yi wa jikata Kangyang,
na zauna bayan aji da sandata.
Malam Sagir ya zazzage buhu a kan tebur:
batir, ƙusoshi, wayar tagulla,
da maganaɗisun da ya ɓamɓaro
daga matattun rediyoyin Dilimi.

Ya ce a naɗa waya a jikin ƙusa
sau arba'in, ban da ha'inci.
Dalyop ya gaji a sha tara,
ƙusarsa ta ƙi ɗaga ko allura ɗaya.
Ta Kangyang ta kwashi bakwai.
Da ta zare batir, suka zube
kamar nunanniyar kanya.

Sai zoben waya a kan fil biyu.
Ya yi rawar ɗari, ya tsaya.
Ta kankare bakinsa da reza,
ta hura masa iska,
ya kama juyi ba ji ba gani.
Aji ya kaure.

Shekara talatin na yi ina wanke kuza,
baƙin yashi na maƙalewa a injin kamfani,
ban taɓa tambayar dalili ba.
Yau ta jawo yatsana:
"Kaka, taɓa nan. Kin ji ɗumi?"

Na ji.