Gawayin Tasallah

Tun da duku-duku na baro Auyo,
Babur na ta tsalle a kan burji,
Ko kokon safe ban sha ba.

Wayar ofis tana cikin aljihu,
Tambaya arba'in da bakwai a cikinta,
Ba a bar gurbin hira ba.

An aike ni Unguwar Ƙuka
In duba famfon da aka kafa bara,
A tabbata kuɗin ba su tafi a banza ba.

Allon ƙarfe na nan tsaye ƙiƙam,
Da sunan ƙungiya da tambarinta,
Tsatsa ma ba ta taɓa shi ba.

Mai unguwa Ɗanliti ya sha babbar riga,
An share gindin famfon tas,
Ko kashin akuya ban gani ba.

Na murɗa kai, ruwa ya zubo,
Na ɗau hoto, na danna “Yana aiki”,
Minti biyar cikakku ban yi ba.

Gida nawa? Ɗari da sha tara.
Mutum nawa ke sha? Aka ce dubu.
Ban tambayi wa ya ƙidaya ba.

Na saɓa jaka zan juya ke nan,
Wata tsohuwa ta riƙe min hannun riga:
“Ɗan nan, ai ba ka gama ba.”

Sunanta Tasallah mai daddawa.
Ta ja ni har bayan rumbunta,
A hanya ba ta ce uffan ba.

Jikin rumbun duk zanen gawayi,
Layi-layi kamar kunyar gero,
Sai can sama inda hannunta bai kai ba.

“Kowane zane,” ta ce, “yini ne
Da muka zo da jarka muka koma,
Ko ɗigo famfon bai ba mu ba.”

Na bi da yatsa, na sake bi,
Tamanin da shida tun bazara,
Ban da waɗanda damina ba ta bari ba.

“Shekaranjiya aka ji kana tafe,
Mai gyara ya zo daga Haɗeja da fitila,
Kafin nan ko ƙeyarsa ba mu gani ba.

Jikata Barira ke zuwa kogi,
Kafin ta dawo an kaɗa ƙararrawa,
Wannan ma ba ka rubuta ba.”

Na ja waya sama, na ja ƙasa,
Akwati biyu: yana aiki, ba ya aiki,
Ba a yi wa jiya akwati ba.

An ce gani ya kori ji.
To, ganin hantsi guda ɗaya
Bai kori jin shekara ba.

Can ƙarshe akwai “Ƙarin bayani”,
Ɗan gurbi kamar bakin buta,
Wanda a bita ko kallonsa ba mu yi ba.

Nan na cusa rumbun Tasallah,
Da tamanin da shida, da ƙafar Barira,
Da sunan mai gyaran ban ɓoye ba.

Na san Oga zai kira daga Dutse:
“Rahoton wata uku saura kwana huɗu,
Kai ba a aike ka tonon silili ba.”

Na san kuɗina a kan fom ne,
Ƙauye uku na jira kafin la'asar,
Man babur ma ban biya ba.

Duk da haka na hau kan suri,
Ina ɗaga waya ina neman sabis,
Ban sauko ba, ban haƙura ba,

Har sai da ta yi ƙara, saƙo ya tafi.
Ko wani zai buɗe, ko zai karanta,
Wannan kam ban sani ba.

Ta ƙulla min daddawa a ganye.
Da na waiga daga kan babur,
Ta maƙale gawayin a jinkar rumbu,
Ba ta yar da shi ba.