Tabon da ke Bisa Ƙofar Kotu

Babana, Fintan Mulqueen, masassaƙin dutse ne.
Bai cika magana ba, guduma ke yi masa.
A alif ɗari tara da sha ɗaya
aka kawo duwatsu daga Kilkenny a keken doki,
masu ruwan toka, da 'yan katantanwa daskare a ciki.
Ya ce, "Gobnait, zo ki gani,
teku ya taɓa kwana a nan."

Ginshiƙai huɗu suka miƙe gaban kotun garinmu,
matakala tara,
da agogo daga Dublin, lulluɓe cikin ciyawa kamar ƙwai.
Bisa ƙofa aka ce ya sassaƙa kambin sarkin Ingila.
Wata uku yana kan tsani.
Ni ke kai masa shayi a gwangwani
da dankali biyu a ƙulle cikin tsumma,
yatsunsa sun tsage, sanyi na bin tsagar.
Ya ƙawata shi.
Bai iya aikin ganin ido ba,
ko da na waɗanda suka ci tarar ƙanensa ne
don jakinsa ya shiga gonar mai ƙasa.

Shekara sha ɗaya ruwa na wanke kambin,
sai tuta ta sauya.
Samari uku, bindiga a kafaɗa, takalma duk taɓo,
suka ƙwanƙwasa mana ƙofa da asuba:
"Hannun da ya ɗora, shi zai sauke."

Ya ɗauki kurfinsa, bai ko karya kumallo ba.
Aikin wata uku, kafin rana ta take ya zama tsakuwa.
Jama'a na tafi, ana kiɗa,
shi ko yana shafa wurin da tafin hannu
kamar mai lallashin saniya bayan an raba ta da maraƙi.
Sule goma suka ba shi. Ya karɓa.
Da ɗorawa da saukewa, duk burodi muka saya.

Wani ɓalli ya sako a aljihu,
shi ke tokare mana ƙofar baya har yau.

Yanzu rajistar haihuwa ake yi a ginin,
agogon na makara da minti bakwai.
Ranar da babu ruwa, bangon sumul yake.
Amma bari yayyafi ya sauko,
kuma nan ƙasar yaushe ne ba ya sauka?
Sai dutsen ya yi duhu, wurin ya fito fili,
ba kambi ba, ba kuma babu ba.

Nakan tsaya da lemata in ɗaga kai.
Yara na tsammanin lokaci nake dubawa.