Kashi Sittin da Bakwai

Wata shida ke nan kwamfutar tana roƙona.
Kullum da safe, kafin shayi ya huce,
sai ta ɗago ɗan saƙo a kusurwar allo:
lokacin sabuntawa ya yi.
Ni kuwa in danna "Sai an jima."
Na ƙware a wannan amsa.
Ita na ba likitan haƙori,
ita na ba mai gyaran rufi tun damina biyu.

Ranar Asabar Rayén ta hawo tudunmu,
matakala ɗari da tara daga bakin titi.
Ta ajiye burodi, ta ja kujerar kakarta,
ta ce, "Kaka Evaristo, an daina kula da tsohuwar manhajar nan.
Gida ne babu ƙyaure, kowane ɓarawo sai ya leƙa."
Na ce ya saci me? Rasitan wuta?
Hotunan jiragen da na yi shekara talatin
ina ƙirga wa kaya a tashar Valparaíso?

Ta kwashe komai cikin wani abu da bai kai ɗan yatsa ba.
Aure guda, jikoki huɗu, girgizar ƙasa biyu,
duk suka shige har da ragowar wuri.
Na ɗan ji kunya.

Sai ta danna.
Allo ya yi shuɗi kamar teku a watan Janairu,
'yan ɗigo na bin juna a da'ira,
ba mai kamo wani.
"Kada ka kashe na'urarka."
To, wa ya ce zan kashe?

Kashi goma sha biyu, muka yanka burodi.
Kashi arba'in, gajimare ya sauko kan ruwa
ya haɗiye injinan ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya.
Kashi sittin da bakwai, ta tsaya cik.

Sittin da bakwai.
Nan Leontina ma ta tsaya.
Ban ce komai ba.
Rayén ta tashi ta hau wanke kofunan da ba su da dauɗa.

Minti hamsin fanka na nishi a cikin akwatin ƙarfe,
ni ina zaune kamar a barandar asibiti,
hula a gwiwa.
Da lambar ta motsa zuwa sittin da takwas
sai na ji haushinta:
haka kawai ake wucewa, ba ko waiwaye?

Ta farka da sabuwar fuska, ta gaishe ni kamar baƙo.
Abin da ke hagu ya koma tsakiya.
Firintar da suka yi shekara tara kafaɗa da kafaɗa
ta ce ba ta taɓa ganinta ba.
Wannan duk mai sauƙi ne, yarinyar ta sasanta su.
Hotuna na nan. Rasitai na nan, har na matattun fitilu.

Na ce ina wasan karta?
Ta ce ga sabo, ya fi kyau, har da kiɗa.
Na ce ina jerin gwanaye?
Layi goma, daga sama har ƙasa:
LEO, LEO, LEO,
dare goma da ta hana ni barci da ƙarar linzami,
tabarau a kan hanci, tana zagin sarkin kubi.
Rayén ta duba ɗan yatsan nan nata, ta sake dubawa.
Ba wanda ya gaya mata wannan ma kaya ne.
Ni ma ban sani ba sai yau.

Ta sauka matakala da magariba, tana ta ba ni haƙuri.

Ƙarfe ɗaya na dare, karo na ashirin da wani abu,
katunan suka watse a allo suna tsalle.
Na ci.
Jeri fari fat, na'ura na tambaya: sunan wa za a rubuta?
Na nemo haruffa uku da yatsa ɗaya.

Saura tara.