Lamba ta Biyu

Ranar Talata ta zo, ana saukowa daga azahar,
farar riga, akwatin ƙanƙara rataye a kafaɗa.
Zigwai, ta ce sunanta.
Na ce ko jikar Bulus ce na sashen rini,
wanda hannunsa bai bar shuɗi ba har aka binne shi?
Ta ce a'a.
Duk da haka na ba ta kujerar da ba ta gurgunce ba.

Mutum dubu ɗari suke nema, in ji ta,
daga Kakuri har Kawo, daga Rigasa har Sabon Tasha:
jini cokali biyu, awon ƙugu, awon tsayi,
sai tambayoyi.
Gishiri nawa kake ci? Barci awa nawa?
Me ya kashe mahaifinka?
Na ce ajali.
Ta dangwala wani abu a allon gilashinta.

Na ce duk wannan don me?
Ta ce don a daina ɗinka wa kowa magani ɗaya.
Nan ta sosa min inda ke ƙaiƙayi.
Ni da Ishaya ƙwaya guda aka rubuta mana ta hawan jini;
shi ya sha, ya koma lambunsa a bakin kogi,
ni na sha, ƙafa ta kumbura,
takalmin Juma'a ya ƙi ni.

Ta ce, Baba Tanimu, a cikin jini akwai zare,
siriri, ido ba ya kama shi,
kowa da irin murɗinsa.

Yarinya, ni za a koya wa zare?
Shekara ashirin da uku na yi gaban injin masaƙa,
kunnena na hagu can na baro shi.
Na san sili ɗaya ba ya rufe katara.
Na san ba a gane zaren da ya bambanta
sai an shimfiɗa shi cikin dubban 'yan'uwansa
an ratsa abawa, an ɗaga wa haske.

Amma na san wani abin kuma.
Atamfar da ta fita daga hannunmu
sau ɗaya Ladidi ta ɗaura irinta, shi ma bashi.
Sun manna mana lamba a ƙirji,
ni ne huɗu, huɗu, ɗaya, bakwai.
Ran da aka garƙame ƙofa, lambar ta shige ofis,
kuɗin sallama bai fito ba.
Je ki duba, gamba ta fi tagogin tsayi.

Don haka na tambaye ta:
in an gama wannan saƙar, wa zai sa rigar?

Ta yi shiru har akuyar maƙwabta ta gama kuka.
Ta ce ban sani ba, Baba.
Wataƙila ba kai ba. Wataƙila wannan.
Ta nuna Nusaiba, da ke tsugune tana lasar ledar alewa.
Ta ce ga takarda, ga lambar waya,
duk ran da ka ce a cire ka, za a cire.

Da ta rantse min da na kore ta.
Masu rantsuwa na gani da yawa, da motocinsu.

Na naɗe hannun riga.
Allurar ba ta kai cizon cinnaka ba.
Jinin ya hau kwalba, ya fi yadda nake zato duhu,
ta liƙa masa 'yar takarda mai zane-zanen baƙi,
ta kwantar da shi kusa da na wasu:
na mai shayi, na matar fasto, na direban Marwa,
kafaɗa da kafaɗa cikin sanyi,
ba mai tambayar wani ina yake ibada.

Takardar tana cikin gwangwanin madara yanzu,
kan tsohon katina na masaƙa.
Lambobi biyu, ɗaya bisa ɗaya.
Ta farko ta ci ƙuruciyata.
Wannan, mu gani.