Masaukin Tsohuwar Manhaja

A Aliero, bayan rumfunan albasa,
cikin ofishin da fanka ke tari kamar mai mura,
na zuba manhajar Arzika a sabuwar kwamfuta.
Ta buɗe ido, ta dubi ɗakin,
ta rufe.
Allo ya ce: wannan ba 'yar zamaninmu ba ce.

Shekara ashirin da ɗaya tana riƙe da littafin ƙungiya:
wa ya loda buhu ɗari zuwa Fatakwal,
wa ya ci bashin taki shekarar ambaliya,
wa mota ta kife da kayansa a Kwantagora
aka yi masa karo-karo.
Arzika ya rubuta ta da dare, janareto na ƙugi,
ya koma ga Ubangijinsa
bai bar wa kowa makullin cikinta ba.

Alhaji Jabbi na tsaye a kaina, hula a ƙeya:
"Yaro, tirela uku na jiran takarda,
albasa kuwa ba ta san haƙuri ba."

Sai ga ɗan akwati ya leƙo gefen allo,
ya ce: bar ni in gwada,
ni zan zaɓa mata abin da ya dace.
Na janye hannu daga linzami.

Na ga yana lalube, kamar mai awon hatsi a duhu.
Ya rage faɗin allo har haruffa suka yi ƙiba.
Ya kwashe launuka, ya bar mata 'yan kaɗan
irin waɗanda ta saba gani.
Ya miƙa mata izinin mai gida.
Sannan ya sunkuya, ya raɗa mata a kunne:
kwantar da hankalinki, Windos ɗin jiya ce,
ba a sāke komai ba.

Nan na tuna Inna Tumba.
Kullum la'asar sai ta tambaya
ko Malam ya dawo daga fadama,
shi da ya shekara goma sha biyu a ƙasa.
Mahaifiyata ba ta taɓa yi mata musu ba.
Takan juya gadon ya fuskanci ƙofa
yadda yake a tsohon gidansu na Jega,
ta ɗauko kwanon shan nan mai tsatsa a baki,
ta ce, "Yana hanya, Inna, sha furarki."
Sai ta sha.

Ƙarya ce? Na daɗe ban yanke ba.
Na dai san wanda ya yi nisa a hanya
ba a ce masa ya sāke ƙafa,
shimfiɗa ake gyara masa.

Manhaja ta buɗe.
Shuɗin shafin nan, da sunan Arzika ƙanana a ƙasa,
har kuskuren da ya yi wajen rubuta "jimilla"
yana nan, bai tsufa ba.
Firinta ta yi kaki, ta tofo takarda uku.

Alhaji Jabbi ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa,
ya tsaya kan sunansa:
buhun taki bakwai, ba a biya ba.
Ya yi shiru.
Ya ce, "Ashe ba ta mance ba."

Akwatin ya sāke leƙowa:
in riƙe mata wannan saiti har kullum?
A waje direbobi na ta hon,
warin albasa ya cika ɗaki.
Na ce riƙe.