Tagar Sama

Ranar Talata ƙanƙara ta sauka a Calgary,
kowace ɗaya ta kai ƙwan kaza.
Minti tara kacal ta yi,
ta bar mana aikin wata uku.

Laraba da sassafe layi ya kai bakin titi,
motoci sanye da hular leda,
salatif ya naɗe kan kowace
kamar masu fitowa daga ɗakin tiyata.

Ta goma sha bakwai shuɗiya ce,
rufinta gilashi tun daga goshi har ƙeya,
yanzu ya koma tsakuwa a kan kujeru.
Mai ita, Ambrose Hrynyk, tsoho mai rawar hannu,
bai tambayi kuɗi ba, ya ce, "Yaushe?"
Na ce sai kaya sun iso, mako biyar in an yi sa'a,
ko kuwa a toshe da farantin ƙarfe, ya fi araha,
tunda sama ba guduwa za ta yi ba.
Ya dube ni kamar na taka masa ƙafa da gangan.
Ya ce, "Gilashi."

Mako shida, sai ga akwatin katako.
Ni da Delphine muka sauke silin, muka zare fitilu,
notuna goma sha huɗu na jera a murfin gwangwani.
Tsohon gam ba ya sakin abin da ya riƙe
sai da siririyar waya,
ina ja, tana ja, yana kuka.
Ɓarɓashi kuwa ɗan ɓuya ne,
yana cikin magudana, yana cikin ɗinkin kujera,
ko sau uku ka zuƙe
gobe wani zai ƙyafta maka ido.

Kujerar gefen direba a kwance take har ƙarshe,
da ɗan matashi ɗaure da igiyar takalmi.
Ban taɓa ta ba.
Ba na gyara abin da ba a kawo mini ba.

Sabon gam baƙi ne, zare ɗaya ake jansa,
in hannunka ya yi shakka a kwana
ruwan farko zai tona asirinka.
Muka ɗaga gilashin, faɗinsa ya kai ƙofar ɗaki.
Sau ɗaya ake ajiye shi, ba a cewa bari in matsa.
Delphine ta riƙe numfashi, na riƙe nawa.
Ya zauna daram.

Da la'asar tsohon ya dawo yana tura keke,
matarsa Halyna a kishingiɗe cikin bargo,
ƙashin baya ya hana ta zama shekara huɗu.
Ya ce duk abin da take gani na gari
ta nan yake shigo mata:
wayoyin lantarki, cikin gada,
agwagin daji in sanyi ya kore su kudu.

Na ce gam bai kama ba, mota sai gobe.
Ta ce, "Wa ya ce tafiya zan yi? Ku sa ni ciki."

Muka sa ta, muka rufe ƙofa a hankali.
Ta yi shiru, ta yi ta kallo,
ni kuwa kunya ta kama ni,
ba komai a can sai kwano da tsatsa.

Can ta ce, "Kun san da sheƙa a rufinku?
Su uku ne, duk baki a buɗe."

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a garejin nan,
kullum kaina a sunkuye kan rufin wasu.
Delphine ta kashe injin iska.
Muka ji su, tsiyau, tsiyau, can bayan fitila.

"Kai kuma," in ji Halyna, tana nuni da ido,
"ka bar sawun yatsanka a samata.
Zo ka goge."