Taku Bakwai

Shekara tara ina Ikeja,
a ɗaki mai sanyin randa,
ina kiwon na'urori masu ƙyafta korayen idanu.
In sun yi tari da tsakar dare, ni ake tasa.
Sai ga wayar Yahanasu:
"Yaya Sada, Inna ta faɗi a bakin murhu.
Ta tashi, amma ƙafar hagu ba ta tashi tare da ita ba."

Na sayar da firij, na bar wa maƙwabci kujeru,
na rungumo kwamfuta da takardun shaida,
kwana da wuni a mota.
Ƙofar Marusa ba ta tambaye ni komai ba,
ofisoshi ne masu tambaya.

A sakatariya wani ya jujjuya takarduna
kamar mai taya akuyar da ba zai saya ba.
"Wa ya turo ka?"
Na ce, larura.
Ya ce a nan ba su san mai wannan suna ba.
A banki gurbin yana Abuja.
Wata makaranta ta ce in koya wa yara riƙe linzami,
kwamfuta goma sha biyu, uku ke numfashi,
albashin ko man babur ba zai kai ƙarshen wata ba.
Mai shago a Ƙofar Ƙaura ya dube ni da tausayi:
"Ka iya liƙa gilashin waya?"
Ban iya ba. Na faɗa masa gaskiya.

Ranar ganawa da wani kamfani na ƙetare
na hau soro farautar sabis,
riga a goge, ƙafa ba takalmi.
Ina tsakar bayani aka ɗauke wuta,
fuskar matar ta daskare, bakinta a buɗe,
tantabarun Malam Lawandi suka ƙarasa mini jawabin.

Da na sauko Inna ta ce,
"Wai mi kake nema a allon nan tun safe?"
Na ce, aikina gyara hanyar da saƙo ke bi.
Ta yi dariya da rabin baki:
"Ashe gado ne.
Kakanka ma wasiƙa ya kai Jibiya a keke
har gwiwarsa ta ƙi."

Wata huɗu. Ajiya ta koma kamar sabulun ƙarshe,
ina juya ta a hannu, ina jin tana sulɓewa.

Wata Laraba na kai Inna awon jini
a ƙaramin asibiti kan hanyar Dutsin-ma.
Layi ya tsaya cik.
Sakamakon mutum arba'in na cikin na'ura,
na'ura ta yi gum,
yarinyar da ke tebur tana dukan ta kamar ƙofar kurma.
Ban nemi izini sosai ba.
Na durƙusa bayan kabad da fitilar waya a baki:
ɓera ya riga ni zuwa,
ya ci waya, ya bar shaida.
Minti ashirin, allo ya waye.

Likita Barira ta leƙo ta saman tabarau.
Ba ta ce wa ya turo ni ba,
ta ga wadda na turo a keke.
"Gobe ƙarfe takwas. Ka zo da maganin ɓera."

Kashi ɗaya cikin uku na albashin da.
Wani dare nakan yi lissafi, lissafi ya ƙi ni,
in kwanta da haushin kaina.

Jiya bayan isha'i ina murza mata man zafi
waya ta yi gurnani a kan tabarma:
Ikeja, na'ura ta biyar tana tari, ko zan duba?
Na kife ta.
Inna ta kama kafaɗata ta miƙe,
muka ƙirga tare daga gado zuwa bakin ƙofa.
Bakwai.
Shekaranjiya biyar ne.